Sunan Ƙanwata a Ɗakin Shanu

Har yau ba na ƙaunar warin jiƙaƙƙen dutse. Da na shaƙe shi a wani lungu na unguwar Erdington da ke Birmingham, sai gidan nan na ƙauye ya faɗo mini a rai, raina ya ɓaci.

A Gorton na tashi, wata unguwa a wani birnin Turawa, cikin gidajen jan bulo masu manne da juna. Kakata ta wajen uba tana tare da mu, kuma ta saba da unguwar. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukuma ta rufe laburare, ta rufe ɗakin taron da matanmu ke haɗuwa. Babanmu likita ne, ya samu aiki a Birmingham. Ya ce unguwa ta mutu, ya sayi wani gidan gona na dutse can cikin tuddai, tsakanin Gorton da Birmingham. Wai gidan tarihi.

Bari in faɗa maka tarihin. Bango mai kauri kamar na kurkuku, tagogi 'yan mitsi-mitsi, rufin falalen dutse da gansakuka ta cinye, ga daɓe mai sanyin da ke shiga ƙashi. Ƙofar gajeriya ce, sai babanmu ya cire hula ya sunkuya kafin ya shiga gidan kansa, amma haka zai tsaya yana shafa bangon yana murmushi. Ɗakin shanu kuwa a jikin gidan yake, rufinsu ɗaya, don ɗumin dabbobi ya taimaki masu gida da hunturu. Magina ba su ga abin kunya a nan ba.

Kaka ba sanyi ne ya dame ta ba, zaure ta nema. Ƙofar gidan cikin kicin take buɗewa, duk namijin da ya yi sallama a kan matan gida zai faɗo. Ta ce ko a gina zaure, ko ta koma Kano. Babanmu ya nemi izini, aka ce gidan tarihi ne, ko dutse ɗaya ba a taɓawa.

Ana cikin haka aka haifi ƙanwata. Ranar suna babanmu ya yi dabara: ya sa aka share ɗakin shanun, aka shimfiɗa dardumai, ya ce ga zaure ya samu. Liman da dattawan Gorton da na Erdington suka zauna da manyan rigunansu, zobban ɗaure shanu na reto a saman kawunansu. Aka kece da ruwa, duwatsun suka jiƙe, warin kashin shanun kakannin Turawa ya taso. Liman ya yi addu'a da hankici a hanci.

Da baƙi suka watse, kaka ta kira ɗanta.

"Zaure na ce ka yi wa mutane, ka kai su turke. Jikata aka raɗa wa suna inda ake ɗaure saniya."

"Hajiya, wannan fa heritage ne, kayan tarihi," in ji babanmu.

"To, ka zauna da abinka."

Kafin hunturu ya fita ta koma Kano. Ba ta sake zuwa ba, a can ta rasu.

An daɗe da sayar da gidan. Masu shi na yanzu sun sa wa ɗakin shanun gilasai da fitilu, suna ba da hayarsa ga masu biki, kuma na ji har rububinsa ake yi. Kwanan nan ƙanwata ta nuna mini hotonsa a waya, tana murna, tana tambaya da Turancinta na Birmingham ko da gaske a wannan kyakkyawan wuri aka yi sunanta. Na ce mata e, a nan ne. Ban iya gaya mata cewa saboda shi ne ba ta san goyon kakarta ba.