Talotalon Surukar Mma Fulera

Mma Fulera ta shekara ashirin da biyu tana sayar da wake da shinkafa a bakin hanyar unguwar Nima, daidai inda motocin Mamobi ke tsayawa. Daga Salaga aka kawo ta tana amarya, lokacin Nima ba ta wuce 'yan gidajen laka ba. Ta haifi shida, huɗu suka rayu. Ba ta yi boko ba, amma in ana suna ko biki a unguwa ita ake kira ta tsaya kan tukwane, don ta san gidan da ake kai wa cinya da wanda romo ya ishe shi.

Abin da ya fi ƙarfin saninta shi ne autanta, Imurana. Ya tafi Amurka karatun injin jirgin ruwa, ya dawo a 1962 da mata, Loreta, baƙa kamar kowa amma ko "sannu" ba ta ji, da 'yarsu Zelia mai shekara uku. Suka zauna a Tema, inda ya sami aiki.

Wata Lahadi ya zo shi kaɗai, ya tsuguna kusa da murhu.

"Mma, Loreta kullum kuka. Ta ce za ta koma ƙasarsu da Zelia kafin shekara ta fita."

Fulera ta ajiye ludayi. Sau uku kacal ta taɓa goya yarinyar nan.

"Me ka yi mata?"

"Ba komai, kewa ce. Alhamis ɗin nan suna da wata salla ta godiya ga Allah, a gidan kakanni ake yin ta. Na ce mata mu ma muna da kakanni."

"Wata ya tsaya ne?"

"Ba a duba wata."

"Akwai azumi kafin ta?"

"Babu."

"To haihuwa aka yi, ko wani ya tsira daga hatsari?"

"Mma, godiya ce kawai. A gasa talotalo, a ci."

Ba ta gane ba, amma ta ce su zo. Ranar Alhamis, karo na farko tun rasuwar uwarta, ba ta ɗora tukunyar sayarwa ba.

Da hantsi suka iso da talotalo mai girman ɗan akuya. Maigidanta, Malam Alidu, ya yanka. Fulera ta tsaya tana kallon surukarta tana ɗura wa tsuntsun burodi da albasa, sannan ta ɗinke shi da allura kamar matashin kai. Aka kai shi tanderun mai burodi. Imurana ya aro teburin tela, ya kafa a tsakar gida, Loreta ta shimfiɗa farin ƙyalle ta jera faranti biyar.

Malam Alidu ya ƙirga farantan da ido.

"Ni da surukata, ci ɗaya?"

"Tebur ɗaya dai, Baba."

Tsohon ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci, ko azahar ba a kira ba.

Bayan la'asar Imurana ya raka matarsa cikin gari neman man shanun gwangwani. Suna fita mai burodi ya shigo da talotalon a kan tire, yana ƙyalli. Tun daga bakin layi ƙamshinsa ya shiga kowane gida, kuma kowa ya ga inda ya nufa.

Fulera ta zauna ta yi tunani. Abincin godiya ne, an faɗa mata. Surukar nan tata baƙuwa ce, ba ta san ƙofar kowa ba. In aka bar ta, gobe za a ce matar Imurana ta gode wa Allah ta rufe ƙofa. Ta ɗauko wuƙa.

Ƙirji na liman. Cinya ɗaya ta gwauruwar da ke bayan gidansu, ɗaya ta matar nan 'yar ƙabilar Ga mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan nasu. Ta kira maƙwabciyarta Sala, suka ɗauki kwanuka suka bi gida-gida.

"Daga surukata. Godiya take wa Allah."

"Masha Allahu! Ciki gare ta?"

"Ni ma ban sani ba."

Ta bar wa gida wuya da fukafukai da burodin nan na ciki, wanda ba ta ga fuskar da za ta kai wa mutane shi ba.

Loreta ta dawo ta ga tiren. Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da hannu biyu.

"Mma!" in ji Imurana. "Ɗungurungum ake ajiye shi a tebur. Iyali ne ke ci!"

"Su cinye godiyarsu da kansu? To wa aka gode wa?"

"Mma, kin kashe ni."

Fulera ta dubi Zelia, wadda ke gaigayar fiffike a gindin tebur, ta tuna maganar tafiya da ita. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, ta tuna ba ta da harshen da za ta yi shi.

Sai ga sallama. Gwauruwar ce, ta dawo da kwano cike da tuwo da miyar kuɓewa. Bayanta mai dokunu da soyayyen kifi. Matar liman ta kawo fura, wata ƙosai, wata goro uku a ganye. Duk so suke su ga mai sadaka. Suka kewaye turmin, suna riƙe hannunta, suna shafa mata ciki, suna addu'ar Allah ya sauke ta lafiya. Loreta ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi sama.

Tebur ya cika har tela zai yi faɗa, amma ba wadda ta hau kujera, tabarma suka shimfiɗa. Malam Alidu ya dawo ya tsaya daga zaure, ya ɗaga murya ya yi fatiha, aka miƙa masa nasa can.

Loreta ta share ido ta yi magana. Imurana ya ce wai a al'adarsu kowa sai ya faɗi abin da yake godiya a kai, kuma babba ke farawa. Ido ya dawo kan Fulera. Abin da ke ranta ba na faɗa a gaban jama'a ba ne.

"Yau famfo ya kawo ruwa," in ji ta.

Mata suka bushe da dariya. Da aka fassara wa Loreta, kafaɗunta suka kama rawa. Fulera ta ƙura mata ido, ta kasa gane dariya ce ko kukan ne ya dawo.

Gab da magariba suka tashi tafiya. Zelia ta yi barci a bayan kakarta. A bakin ƙofa Loreta ta tsaya ta faɗi wani abu, tana nuna yatsu biyu.

"Me ta ce?"

"Ta ce baɗi biyu za a saya. Ɗaya naki, ɗaya kada ki taɓa."

"Baɗi?"

"Haka ta ce, Mma."

Fulera ta kwance zani a hankali ta miƙa yarinyar. Har motar Tema ta ɓace tana tsaye, tana tunanin yadda za ta ɓoye wa Nima talotalo guda.