Na Koya Masa Sa Hanci

A Riyad, titi na wanda ya riga sa hanci ne. Idan ka iso shataletale ba ka jiran a ba ka wuri, don babu mai ba ka. Tura hancin motarka za ka yi cikin 'yar kafar da ke tsakanin motoci biyu, ka ɗauke kai kamar ba ka ga kowa ba. Na baya ya taka birki yana danna oda yana zaginka, kai kuwa ka yi gaba. Na iya wannan aiki, har ina tinƙaho da shi. A ɗakinmu na Gubaira, inda muke haya mu direbobi 'yan Najeriya, duk ranar da aka ta da gardamar wa ya fi iya kutse, ni nake rufe taro.

Wani injiniya ɗan Japan nake yi wa tuƙi, kamfaninsu ne ke riƙe da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar. A lokacin mata ba su fara tuƙi a Saudiyya ba, don haka yawancin zirga-zirgata ta uwargida ce. Sauran kuwa ta ɗansu ce, saurayi siriri da bai cika ashirin ba. Tun yana ƙarami yake tseren mota a ƙasarsu, da aka turo ubansa Riyad sai ya shiga gasar da ake yi a wani fili can bayan gari cikin rairayi. Motar tserensa tana ajiye a wani gareji a Sulay, ni nake kai shi can, ni nake kai shi filin. Da Turanci muke magana, nawa gurgu, nasa gurgu. Na koya masa ya riƙa ce mini Kawu, ya kuwa riƙe, har uwarsa ta ɗauka sunana ke nan.

Ban taɓa ganin yaro mai ladabinsa ba, har abin yana ba ni haushi. Yakan rusuna wa makanikai idan ya shiga gareji. Kafin ya shiga filin tsere yakan tsaya ya rusuna wa kwaltar kanta, in ya fito ya sake. Da farko na yi ta dariya, ina cewa wannan yaro da zai ga jaki a hanya sai ya gaishe shi.

A cikin mota kuwa ba ya da wasa. In ya kama miƙaƙƙiyar hanya sai ka ji ƙarar injin a cikin haƙoranka. Amma kusan kullum na biyu yake zuwa, a bayan wani yaro Balarabe, ɗan mai sayar da kayan gyaran mota, wanda kuma abokinsa ne. Zai bi shi kamar jela har su iso kwana, ga kafa ina gani da idona, sai ya sassauta ya bar shi ya wuce.

Wata rana muna dawowa na kasa haƙuri.

“Kai, wai me yake damunka ne? Ga wuri a buɗe, ka tsaya kana yi masa bismilla kamar tuwo kuke ci?”

Ya yi murmushi, ya haɗa tafukansa biyu a jere yana nuna mini. “Kawu, akwai doka. Idan motata ta kai gefen tasa kafin kwana, dole ya bar mini wuri. Idan ban kai ba, kwanar tasa ce.”

“Tasa? Ubansa ne ya shimfiɗa kwaltar?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa da gaske nake.

Ana cikin haka labari ya zo. Wata ƙungiyar tsere a Japan tana da gurbin direba ɗaya, za su turo mutum ya kalli tseren ƙarshe na shekara. Ubansa kuma ya riga ya yanke magana tun farko: wannan ce shekarar ƙarshe. In ya samu ƙungiya, ya ci gaba. In bai samu ba, ya ajiye hular kwano ya koma jami'a. Ba mugun uba ba ne, amma irin mutanen nan ne da ba sa maimaita magana. Yaron ya gaya mini haka a mota, yana kallon gwiwoyinsa.

Daga ranar na ɗaura ɗamara. A raina na ce wannan yaro ladabi ne zai kashe shi, ni kuwa ba zan zuba ido ba. Kowace fita ta zama darasi. Mu iso cunkoson hanyar Sulay, inda tireloli da motocin leburori suke cakuɗewa, in ce masa, “Duba nan.” In cusa hanci tsakanin babbar mota da tasi, mai tasi ya taka birki yana ɗaga mini hannu.

“Ka gani? Ya tsaya ko bai tsaya ba?”

“Ya tsaya, Kawu.”

“Kowa yana son motarsa. Kai dai sa hanci, shi zai nemi birki.”

Yakan ce tsere daban, titi daban. Ni kuma in ce mota mota ce, ɗan Adam ɗan Adam ne. Na girme shi nesa ba kusa ba, na fi shi daɗewa a kan sitiyari, kuma a tarbiyyarsu ba a yi wa babba musu sau biyu. A tarbiyyarmu kuma babba ba ya ganin yaro zai yi asara ya kama bakinsa. Haka muka haɗu, ni ba na yin shiru, shi ba ya cewa a'a. Sannu a hankali ya daina cewa tsere daban. Na ɗauka na ci nasara.

Ranar tseren da la'asar ce, iska tana ɗan kwaso yashi tana watsawa a kan kwalta. Mutumin ƙungiyar ya zo, wani gajeren dattijo mai furfura, ya zauna shi kaɗai bai ko sha ruwa ba. Kafin yaron ya sa hula ya zo inda nake.

“Kawu, yi mini addu'a.”

Na yi masa, da zuciya ɗaya. Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma da ya juya sai na kamo hannunsa, na taɓa hancina da yatsa. Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Aka tashi. Balaraben yana gaba, nawa yana manne da shi, sauran an bar su a baya. Zagaye bayan zagaye haka suke, ni kuwa ina jikin shinge ina ta cizon yatsa. Da aka kusa gamawa suka fito miƙaƙƙiyar hanyar da ke ƙarewa da wata matsattsiyar kwana. Motar yarona ba ta kai gefen ta abokinsa ba, ko ni na ga haka. Sai na ga bai sassauta ba. Ya tura hanci ta ciki.

Na daka tsalle na ce, “Yauwa!”

Bakina bai rufe ba na ji ƙarar. A titi na gabanka yana tafiya a hankali, yana da lokacin ganinka, yana da lokacin zaginka. A wannan gudun, yaron da ke gaba kwanarsa yake kallo, ya kuma amince cewa na bayansa ba zai yi masa haka ba, don bai taɓa yi ba. Hancin ya daki ƙugun motarsa, ta juya ta tafi ta maku da shingen tayoyi. Ta yarona ta tsaya a cikin yashi, gabanta a wargaje. Na ga ya fito da gudu zuwa wajen abokinsa, bai ko cire hula ba.

Balaraben ya karye a hannu. Dattijon ƙungiyar ya sauko, ya yi wa yarona 'yan kalmomi da yarensu, suka rusuna wa juna, ya tafi. A hanyar gida na daure na tambayi yaron abin da dattijon ya ce.

“Ya ce yara masu gudu suna da su da yawa a gida. Ya taso ne don an ce masa akwai wani a Riyad da yake dawo da mota lafiya.”

Abin da na shafe watanni ina kankarewa daga jikinsa, shi mutumin ya zo saya.

Washegari yaron ya ce in kai shi asibiti a Shumaisi, inda aka kwantar da abokinsa. Ya shiga da kwalin alewa riƙe da hannu biyu, ni ina biye don in yi musu tafinta, tunda uban Balaraben Larabci kawai yake ji. Ya ajiye kwalin, ya tsaya a ƙarshen gado ya rusuna, ya ƙi ɗagowa. Ya daɗe a haka har mai karayar ya fara cewa, “Khalas, khalas,” wato ya isa.

Uban mutumin kirki ne. Ya ce ƙaddara ce, ya zuba mana gahawa, ya turo dabino. Sannan ya dube ni.

“Ya akhi, tambaye shi. Duk shekarar nan ina kallon tuƙinsa, wannan ba halinsa ba ne. Me ya shiga kansa?”

Ni na juya wannan tambaya zuwa Turanci, da bakina. Yaron bai ko kalli inda nake ba. Ya ce babu komai, shi ya ga kafa ya yi kuskuren shiga, shi kaɗai. Na mayar da amsar Larabci kamar yadda ya faɗe ta. Na ajiye ƙaramin kofin gahawar, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A mota na fara magana, ya tare ni.

“Kawu, hannuna ne a kan sitiyari.”

“Amma ni na...”

“Hannuna ne.”

Wallahi na so ya zage ni. Na so ya kai ƙarata wajen ubansa a kore ni, ko ya daina gaishe ni na mako guda in san na biya wani abu. Bai yi ko ɗaya ba. Ranar da zai koma Japan ni na kai shi filin jirgi, ya rusuna mini irin rusunawar da yake yi wa filin tsere, ya ce ya gode da kula da shi da na yi. Na koma mota na zauna na daɗe ban ta da ita ba.

Ya yi jami'arsa kamar yadda ubansa ya ce. Iyayensa ma daga baya aka mayar da su gida, ni na koma wani gidan. Hannun Balaraben ya warke, na ji ma ya koma tsere. Shi kuwa nawa shekarun da manyan ƙungiyoyi suke ɗaukar yara sun wuce shi. Ya kama aikin ofis, ya samu wata ƙaramar ƙungiya da suke tseren dogon zango a ƙarshen mako, su uku suna karɓa-karɓar mota ɗaya. Bai manta da ni ba. Duk tseren da ya yi sai ya turo mini bidiyon a waya, da gaisuwa: Kawu, ina wuni.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ina kallon ɗaya a ɗakinmu na Gubaira, wani abokin zamana, direba ɗan Zariya, ya leƙo ta kafaɗata. Daga cikin motar aka ɗauki hoton, kana ganin safar hannunsa a kan sitiyari. Ya kamo wata mota a miƙaƙƙiyar hanya, ya jera da ita, har ya ɗan gota ta kafin kwana. Ko da dokar da ya nuna mini da tafukansa, wannan kwanar tasa ce halak malak. Sai na ga ya taka birki tun da wuri, ya buɗe wa ɗayan hanya ya wuce. Na mayar da bidiyon baya na sake kallo. A kwana ta gaba ma haka ya yi. Da can kwanar wani yake bari, yanzu har tasa ba ya iya ɗauka.

“Haba!” in ji ɗan Zariya. “Wannan ɗan naka ba shi da zuciya ne? Ga wuri a buɗe! Ka kira shi mana ka gaya masa yadda ake yi.”

Na kife wayar a kan tabarma, na ce masa don Allah ya yi mana shiru.