Malam Isiyaku, Mai Rufe Tagogi

Masinja ne ya gaya mani, a bakin ƙofa, ina saukowa daga motar Samaru. Ya ce, "Mama Hauwa, Malam Isiyaku ya rasu da asubar nan." Na yi salati kamar yadda ake yi, na tambaye shi lokacin jana'iza, sannan na karɓi makulli na wuce ɗakin zane. Ban gane abin da ya faɗa ba sai da na gama shara. Na buɗe tagogin nan shida don ɗaki ya sha iska, na jingine tsintsiya, na tsaya ina jiran Malam ya shigo ya nuna mani wadda za a bari a buɗe. Na daɗe a tsaye. Haske ya shigo ta ko'ina, tulu da ƙwaryar da ke kan tebur suka zama kamar ba su da nauyi. A nan na zauna a ƙasa.

Ni ba ɗalibarsa ba ce a takarda. Mai shara ce ni a sashen zane na jami'a, karatuna bai wuce aji huɗu ba. Masu ilmi za su rubuta nasu, kuma zai fi nawa kyau. Ni abin da na gani daga bayan ɗaki zan faɗa.

Na kama aiki shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ran da na fara, na tarar da wani tebur a hargitse: tulu, ƙwarya a kife, albasa uku, da wani farin ƙyalle a yamutse. Na ce wannan ƙazanta ba za ta kwana ba. Na wanke su tas, na ninke ƙyallen, na jera su daga babba zuwa ƙarami. Da ɗalibai suka shigo sai ɗaki ya kaure. Wani dogo mai suna Bitrus, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗora hannu a ka ya ce, "Mama, kin kashe mu! Kwana uku muna fama da albasar nan!" Ashe abin da suke zanawa ke nan. Na tsaya da tsumma a hannu, na tabbata aikina ya ƙare tun bai fara ba.

Malam ya shigo, bai ko cire maƙalin keke daga ƙafar wandonsa ba. Ya dubi teburin, ya dube ni, ya ce, "Ku bar ta, ta kawo mana darasin yau. Ta jera su kamar sojojin barikin Basawa. Bitrus, ina idonka ya fara sauka?"

"Ko'ina, Malam. Fareti kawai nake gani."

Aka yi dariya. Malam ya janye tulun gefe, ya jingina ƙwaryar a jikinsa, ya ware albasa ɗaya can nesa ita kaɗai. Ya ce, "Ido baƙo ne a takardarku. Ku ba shi ƙofar shiga, ku ba shi wurin zama." Sannan ya juyo ya ce, "Malama Hauwa, gobe ki share ko'ina ban da teburin nan. Wannan dattin namu ne." Ba wanda ya taɓa ce mani Malama kafin ranar.

Kullum da rufe tagogi yake fara darasi. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya bar guda. In ɗaki ya yi duhu, hasken ya zo ta gefe ɗaya, sai ka ga ƙwai ɗaya a kan farin ƙyalle ya zama abin kallo. Yakan ce su runtse ido rabi, su daina ganin ƙwai, su ga inda haske ya sauka da inda ya gaji. Yakan ce, "Inuwa ba baƙi ba ce. Ku leƙa cikinta, akwai sauran haske a ciki." Kuma gaskiya ne, a can ƙarƙashin ƙwan akwai wani ɗan haske da ƙyallen yake mayar masa. Ban taɓa ganin ya sa fensirinsa a takardar ɗalibi ba. In zai gyara wa mutum, a ɗan guntun takarda daga aljihunsa yake nuna masa, ya bar shi da aikinsa.

Ni kuwa ina can baya a kan benci, ana zaton jiran tashi nake yi. Ƙarar fensira talatin a kan takarda kamar yayyafi take a kan kwano. Nakan lula, in tafi wajen Jummai.

Jummai 'yata ce. Ƙyanda ta ɗauke ta tana da shekara huɗu, kafin in fara aikin nan. Ba mu da hotonta. Akwai mai hoto a Sabon Gari, kullum muna cewa sai da Sallah. Na yi zaton fuskar da na wanke kowace safiya ba za ta taɓa ɓace mani ba, sai ga shi ta fara. In na rufe ido ina ganin rigarta, ina jin muryarta, amma fuskar tana rawa kamar a cikin ruwan randa. Wannan tsoro ne ya sa wata rana, bayan an tashi, na yi ƙarfin hali na roƙi Malam ya zana mani ita. Na ce zan kwatanta masa.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Malama Hauwa, in na zana, 'yar wani zan zana maki. Za ki yi ta kallonta har ta zauna a kanki, ta kori taki. Ke kaɗai kika gan ta. Ke za ki yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da sunana ma da ƙyar nake rubutawa?"

Ran Asabar sai ga shi a kan keke har gidanmu a Chikaji, ya yi sallama da maigidana, ya nemi izininsa in riƙa tsayawa awa ɗaya kowace Alhamis bayan an tashi. Haka yake. Ƙofar ɗakin kuma a buɗe yake barinta, ko da ya rufe tagogi.

Fensir ya ƙi ni. Ƙwan da na zana ya fito kamar dankali. Bitrus ya gani ya ce, "Farfesa Tsintsiya, wannan a soya ko a dafa?" Na ce masa in ya ƙara, da tsintsiyar zan ba shi amsa. Amma a raina na karaya, na gaya wa Malam a bar maganar. Sai ya ɗauko gawayi, ya murza shi a kan farar takarda har ta yi baƙi ƙirin. Ya miƙo mani tsumma da ɗan tsakiyar burodi. Ya ce, "Laifina ne, na ba ki aikin da ba naki ba. Ke gwanar shara ce. Kar ki zana komai. Share inda haske ya sauka kawai."

Na naɗe tsumman a yatsa na goga. Ƙwai ya fito daga cikin duhu kamar dā can yana nan yana jirana. Wata huɗu ina share ƙwai da albasa da ƙwarya. A gida ma na zama wata iri, sai in tsaya da muciya a hannu ina kallon inuwar tukunya har tuwo ya kama.

Ran da ya ce lokaci ya yi, ya baƙanta babbar takarda ya kafa mani. Ya ce, "Kar ki gaya mani kamanninta. In kin tuna ta, daga ina haske yake zuwa?" Na rufe ido. Sai ga safiya a Chikaji, jiniyar masana'anta ta gama kuka. Jummai tana zaune a kan turmi a kife, da ludayin koko a hannu. Rana tana ratso zana ta hagu, ta sauka a goshinta da kunci ɗaya, sauran duk inuwa. Ban san na adana wannan safiyar ba sai da ya tambaya. Na kai hannu tsakiyar takarda, ya ce, "Dakata. Ina take kallo?" Na ce ƙofar gida, inda babanta yake shigowa. Ya ce, "To matsar da ita gefe, ki bar mata filin da za ta duba."

Alhamis bayan Alhamis, goshi ya fito, sai kunne da ɗan zaren da ke hujinsa, sai haɓa. Ran da kuncin ya fito, na san shi. Kuncin da nake shafa wa mai ne, ba na kowa ba. Kuka ya ƙwace mani. Malam bai ce in yi haƙuri ba. Fita ya yi ya tsaya a gindin mangwaro har na gama, ya dawo ya ce, "Ki kula, hawaye yana ɓata gawayi."

Idanun ne suka gagare ni. Sau biyu ina gwadawa, sau biyu wata yarinya daban tana kallona, in yi maza in mayar da baƙi. Ya ce kar in yi garaje, ido ɗan ɗigon haske ne kawai, amma in ya goce da kaurin gashi ya zama na wani. Ya ce mako mai zuwa zai zaunar da ni kusa da taga ya nuna mani yadda haske yake zama a cikin ido. Ran Litinin ciwon ciki ya kwantar da shi. Bai kai Alhamis ba.

Na je gaisuwa gidansa a Sabon Gari. Maiɗakinsa, Malama Rabi, ta riƙe hannuna, tana hawaye tana murmushi. Ta ce, "Ke ce Hauwa mai gawayi? Mu ma nan haka muka sha fama, 'yar'uwa. Da rana tsaka sai ya rufe mana tagogi, wai mu zo mu ga kofin shayi."

Yanzu an kawo sabon malami, mutumin kirki ne. Ya ga takardata a cikin durowa, ya ce gawayin da ba a fesa wa magani ba zubewa yake yi a hankali. Ya ce in na yarda zai fesa mani ya kama, sai dai daga nan tsumma ba zai ƙara ɗaga komai ba. Bitrus ma ya zo, ba wasa a bakinsa wannan karon, ya ce, "Mama, ki bari in sa maki idon, minti biyar ne." Na gode masu duka biyu, na ce a'a. Na san abin da na zaɓa. Duk ran da na jawo durowar ina ganin baƙin gari a gindin takardar, kunnen ma ya fara dushewa.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa Ya haskaka shi. Yadda bai taɓa kunyata na ƙasa da shi ba, Allah Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Allah Ya ba Malama Rabi juriya, Ya raya mata yaransu uku, Ya sa su gaji halin ubansu. Ɗalibansa kuma Allah Ya sa albarka a hannuwansu. Amin.

Takardar tana nan ba a fesa mata komai ba. Har yau ban sa wa Jummai idanu ba.