Kogin da Mushe ya ƙi karɓa

Shekarun baya, ina koleji a Diffa, malaminmu na Faransanci ya ce kowa ya rubuta yadda garinsu yake. Mutumin Damagaram ne, Mushe, wato "malam" da Faransanci, kawai muke ce masa. Ni kuwa ɗan ƙauye ne daga wajen Geskeru, mai kunya, ba na ɗaga hannu a aji, amma na karance duk littattafan da ke cikin kabad ɗin lakwal, wato makarantarmu. Sai na ga rana ta zo da za a san ni.

Na rubuta cewa kogin garinmu yana sheƙi kamar azurfa, tsuntsaye na rera waƙa, iska mai ƙamshin furanni na kaɗawa. Na bi kowane harafi na gyara. Ko waƙafi ban bari ya kauce ba.

Da ya dawo da takardunmu, sai ya tsayar da ni bayan an tashi. Ya ce bai samu kuskure ko ɗaya ba. Har na fara murmushi, sai ya juya zuwa Hausa, abin da yake yi in maganar ta dame shi.

"Ɗana, wannan kogin na wa ne? Ni dai Komadugun da na sani, rabin shekara yashi ne. Me mahaifinka yake nomawa?"

Na ce tattasai.

"To ina tattasan?"

A raina na ce tattasai ai ba abin sawa a rubutu ba ne. Ya ce in riƙa rubuta abin da in ya ɓace ba mai ba da labarinsa sai ni. Na tafi ina jin haushi, ina ganin bai san darajar manyan kalmomi ba.

Bayan wasu shekaru rashin tsaro ya tashe mu. Garinmu ya watse, iyayena suka koma zaman bukka a bakin kwalta. Can aka haifi 'ya'yan ƙanwata. Wata rana mahaifiyata ta ce, tunda na yi boko, in rubuta garin don jikokinta su san daga inda suka fito, kada su ɗauka 'yan bakin hanya ne.

Na rubuta, na zo ina fassara mata da Barbarci. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Madalla. Garin su wa ne wannan?"

Sai na ji kamar Mushe ne a gabana.

Na aje takardar na ce, "Inna, ki faɗa, in rubuta." Ta faɗi yadda ake shanya tattasai har ƙasa ta yi ja daga bayan gari zuwa gaɓa, yadda ƙurarsa ke sa liman atishawa a tsakiyar la'asar mata na danne dariya a bayan zana. Ta faɗi ranar da ruwa ke isowa cikin busasshen kogi, a hankali, yana tura kara da kumfa, mutane na tafiya a gabansa kamar masu rakiyar baƙo. Duk na gani da idona, amma ban taɓa rubuta ko ɗaya ba.

Na nemi Mushe daga baya, aka ce ya rasu a garinsu. Har yau in na wuce masu tattasai a kasuwar Diffa, nakan rage tafiya in jira atishawar ta zo. Ita ce kaɗai ta rage mini ta gida, kuma da ita na buɗe labarin.