Imurana, Kekensa da Yayansa Seidu

Wanda ya taɓa neman fitilar mota a kasuwar Abossey Okai da ke Accra, da wuya bai ga Imurana ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ƙaramin shago, wanda kullum keke yake jingine a bakin ƙofarsa. A Kotobabi yake zaune da iyalinsa, amma a Maamobi ya girma, a hannun yayansa Seidu, mahauci a kasuwar Nima. Seidu ne ya ɗauko shi daga Bawku bayan rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta, da karatu ya ƙi kuma ya kai shi koyon ciniki. Shi ya yi masa aure.

Seidu ƙaƙƙarfan mutum ne, mai saɓa cinyar bijimi a kafaɗa yana raha da masu saye. Sai kawai ya fara rama. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, daga baya aka je asibiti. Likitoci suka ce cutar kansa ce a hanji, kuma ta riga ta yi nisa.

Da farko Imurana ba ya fashin zuwa. Yana rufe shago zai biya Maamobi da ayaba ko lemo. Wata rana da la'asar, Ƙaltume matar Seidu ta roƙe shi ya kai yayansa banɗaki. Ya sunkuya ya ɗauke shi, sai ya ji kamar tsumma ya ɗauka. Ƙasusuwan bayan Seidu suna sukar hannunsa, ga warin ciwo. Ya daure ya kai shi ya dawo da shi, amma yana fita lungu ya durƙusa bakin kwata ya yi amai. Washegari bai je ba. Ya buga waya ya ce ciniki ya riƙe shi.

A makon ne wani mai sayen kaya a wurinsa, Fawaz, ya ba shi labarin ƙungiyarsu ta mahaya keke. Suna shirin tafiya daga Accra har Tamale, don tara gudummawa ga masu binciken maganin cutar kansa.

"Cale, abokina, ai da kai ya dace," in ji Fawaz. "Ga tsawon ƙafa, ga ɗan'uwanka a kwance."

Imurana ya yarda nan take. Ya sayi keke na hannu da hular kwano. Ya fara da zagayen unguwar Kanda bayan sallar asuba, yana dawowa cinyoyinsa na rawa. Daga baya ya bi su Fawaz zuwa dutsen Aburi ranar Lahadi. Hawan farko tura keken ya yi har sama, 'yan ƙungiya na yi masa dariya. Kafin damina ta wuce, shi ke jiran su a can.

Labari ya bazu a zango. Aka buga masa riga da sunan Seidu a baya. Liman ya yi masa addu'a bayan sallar Juma'a, mata masu koko da ƙosai suna ƙara masa a kyauta, suna cewa Allah ya ba su ƙani irinsa. Shi kuwa in aka yabe shi, sai ya sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunya ce.

Abin da ba su sani ba shi ne, hanyar da yake bi da keke ta gaban lungun su Seidu take wucewa, shi ya sa ya canza ta, yake zagayawa ta nesa. Abin da ya fi cin ransa kuma, yana jin daɗin hawan. In ya gangaro daga Aburi iska na dukan ƙirjinsa, sai ya manta akwai wani ciwo a duniya. Yana isowa cikin gari ya tuna, abincin da matarsa ta ajiye masa ya ƙi ciyuwa.

Wata Asabar da rana Ƙaltume ta shigo shagonsa. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Anti Ƙaltume, lafiya? Yaya jikin Yaya?"

"Jiya ya faɗi a hannuna," ta ce. "Sai da na fita na kira maƙwabta. Imurana, ni ban ce keken naka laifi ba ne. Amma ka iya hawa dutse, ni kuma ba na iya ɗaga shi."

Ta dubi rigar da ke rataye mai sunan mijinta, ta juya ta fita.

Da yamma ya tura keken cikin lungun su Seidu. Seidu yana kwance a kan katifa, kansa ya cika da suma, abin da bai taɓa bari ba. Imurana ya yi ta shirya maganar ban haƙuri a hanya, amma Seidu ya riga shi.

"Shigo da keken in gani." Ya shafa tayar da yatsa. "Wannan siririn abu ne zai kai ka Tamale?"

"Yaya, na daɗe ban zo ba."

"Na sani. Ni ma in na ga kaina a madubi tsoro nake ji. Nemo reza ka yi min aski."

Ya tallafe kan yayansa a cinya ya aske shi, hawaye na zuba, Seidu ya yi kamar bai gani ba. Daga ranar, in ya sauko daga atisaye Maamobi yake fara zuwa. Shi ke yi masa wanka, ya juya shi, ya canza shimfiɗa. Zuciyarsa ba ta daina tashi ba, ya dai koyi haɗiyewa.

Da tafiya ta matso, jikin Seidu ya ƙara tsananta. Imurana ya ce ya fasa.

"Mutane sun ba da gudummawarsu saboda kai," in ji Seidu, muryarsa da ƙyar take fita. "Kuma sunana ne a bayanka. Ka tafi."

Ya tafi. Sun wuce Kumasi, sun wuce Techiman. A kusa da Kintampo suka tsaya shan ruwa, ya ciro wayarsa daga jaka ya tarar an yi ta kiransa. Seidu ya rasu da hantsi, an yi masa sallah bayan azahar, an kai shi. Imurana ya zauna a bakin titi ya riƙe kai. Fawaz ya ce su sa shi a mota ya koma Accra. Imurana ya ce ai babu sauran abin da zai tarar. Ya hau keken ya ƙarasa Tamale, bai tsaya bikin tarbar ba ya nufi tasha.

Har yau a zango ana ba da labarinsa a matsayin ƙanin kirki. Shi kuwa in ya lissafa, watannin da ya ƙaurace sun fi waɗanda ya yi jinya yawa, kuma ba shi cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Sai bayan Ƙaltume ta fita takaba ya iya tambayarta abin da ke ransa. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Anti, ranar nan, ya neme ni?"

"Ya tambaya ina ka kai," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na ce ban sani ba, kana dai hanya. Ya ce to."

Imurana ya jira ko akwai ƙari. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.