Mataunin Tela da Kek ɗin Uwar Lafiya

Wannan taƙaitaccen tarihin Uwar Lafiya ne, matar Tela, 'yar mai gyaran agogo, jikar mai buga bulo ta wajen uba. Na koyar da ita a firamare kafin in yi ritaya, yanzu kuma katanga ce kawai tsakaninmu. Daga mahaifinta ba ta gaji komai ba, domin ba ta taɓa sauke girki a kan lokaci ba. Sana'ar kakanta kuwa ta biyo ta har kicin.

Tun da ta saurari wani shiri a rediyo game da cin abinci mai kyau, gidan ya shiga uku. Ta kori sukari, ta sallami bota, ta maye gurbin rabin fulawa da dusa. Dokarta ita ce ba a zubar da komai, ko ɓawo ko ƙwallo, wai almubazzaranci ne. Da wannan aƙida take gasa wani kek mai cikin gwaiba, ta yanka shi sanda-sanda kamar sabulun wanki. 'Ya'yan gwaibar nan masu taurin tsakuwa ba ta tace su. Ta aiko mini sau ɗaya, na danne takardu da shi.

Shi kuwa Tela, bawan Allah, matauni ɗaya tak ya rage masa a baki, da shi yake cin ɗan naman da rai ke so. Lallaɓa shi yake kamar ƙwai.

Ina zaune a shagonsa ranar da ta shigo da faranti.

"Maigida, ga na yau, da ɗuminsa."

"Uwargida, ki ji tausayin marayan nan," in ji shi, yana dafe da kunci. "Shi kaɗai ya rage mini."

"Ai don shi nake wahalar nan. Sukari ne ya kwashe 'yan'uwansa. Ci, kada ka ba ni kunya gaban Malam."

Ya nemi ya jiƙa a shayi, ta ce amfanin zai tsere cikin ruwa. Ya yi bismilla, ya gatsa. Ƙarar da na ji ta yi kama da karyewar allura a keken ɗinki. Washegari likitan haƙori ya zare abin da ya saura, ya naɗe masa a auduga. Tun daga ranar Tela kallon nama yake yi kamar hoto.

Da na je dubiya na tarar tana kwaɓa wani. Na tambaye ta, cikin ladabin da ya dace, me ya sa ba za ta daina ba, tunda abin da take karewa ya riga ya tafi.

Ta ce, "Haba Malam! Ka duba shi a audugar kuwa? Fari tas, ko ɗigon ruɓa babu. Duk sauran da ciwo suka fita, wannan kaɗai ne ya fita da lafiyarsa."