Bulus ya tafi ban tura masa takarduna ba

Da safen nan ina shago ƙanwar Bulus ta kira ni. Wai jiya ya faɗi a wurin aiki can Sikotilan, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Jama'a, yau ba zan yi ƙarya ba. Na daɗe ina kishin abokina.

Tare muka karanta lantarki. Ni nake koya masa lissafi a ɗakinmu na haya, shi kuma ya dafa mana acca. Ni na ga tallar aikin, na nuna masa, muka nema tare. Aka ɗauke shi, aka bar ni a Kafanchan ina ɗaura wa mutane sola.

Duk sanda ya sa hoto da farar hular kwano a gindin manyan fankokin nan masu ba da wuta a tsakiyar teku, sai in wuce kamar ban gani ba. Ya turo mini mitar gwada wuta sabuwa fil, na ce wa matata irinta cike take a kasuwa. Ba gaskiya ba ne. Da ita nake aiki har yau.

Ganinmu na ƙarshe Kirsimetin bara ne a garinsu Madakiya. Ina kan rufin coci ina ɗaura sola, ya tuɓe takalmi ya hau yana miƙa mini wayar wuta. Matan zumunta suka fara guɗa, wai Injiniya ya kawo wa coci wuta daga Turai.

Ya leƙa ƙasa ya ce, “Mama, aikin Ayuba ne. Ni ko fitila ɗaya ban taɓa kunna wa garin nan ba.”

Har wannan ma ya ba ni haushi. Na ce a raina, ƙasar waje tasa, kirkin ma nasa?

Da zai tafi ya ce in tura masa takarduna, ana neman mutane a wurinsu. Sau uku yana tuna mini. Girman kai ya hana ni amsawa.

Ɗazu na ga Turawan da suka yi aiki da shi suna ta yabonsa a intanet, sai ga abin nan ya sake motsi a ƙirjina. Mutum yana kwance, ni ina kishi. Na rufe shago na yi kuka.

Ubangiji ya ba ka madawwamin hutu, ɗan'uwana. Ya ta'azantar da Mama da matarka Rahila da yaran.

Ku sa su a addu'a don Allah. In kun gama, ku roƙa mini gafara ni ma.